Ɗakin kudu na gidan hayata

Jama'a, ku taya ni gode wa Allah!

Kun san ɗan gidan da na saya a unguwar Birni don in fara ba da haya. Yau da hantsi ina can, sai wani tsoho ya yi sallama. Ya ce sunansa Malam Bukar, a gidan aka haife shi. Ya wuce ɗakin kudu, ya ƙwanƙwasa daɓen da sandarsa.

Ya ce, "Ɗana, an cike rijiyar?"

Na ce, "Wace rijiya, Baba?"

Ya ce, "Ta mahaifina. Na ji an gina ɗaki a kanta, shi ya sa na taso daga Gidimuni."

Na kira magini. Bugu uku da guduma, siminti ya rufta! Innalillahi! Rami ne baƙi ƙirin, ruɓaɓɓun itatuwa kawai aka gitta a bakinsa. Magini ya jefa dutse, sai da muka jira kafin mu ji faɗuwarsa.

Tsohon ya zauna a ƙasa, ya ce, "Alhamdulillahi, na iso da wuri."

Gobe ne fa wani malamin lakwal, wato makarantar boko, zai tare a gidan. Ɗakin nan ya zaɓa wa 'ya'yansa huɗu.