Cecilia da Ranar da Rubutun Ƙungiya Ya Hargitse

Malama Cecilia ta ajiye aiki a ƙungiyar manoma da makiyaya ta Gagarawa Tasha. Ba a buga ganga ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, duk da hannuna ya fi sabawa da fartanya.

Ga aikinta. Da hantsi takan buɗe ɗakin ƙungiya, ta share, ta fito da benci gindin darbejiya. Ƙungiya tana da shafi a intanet, inda malaman gona da likitan dabbobi suke rubuto shawara daga Gumel: lokacin shuka riɗi, yadda ake adana wake, yawan maganin da za a zuba a ruwa. Yawancinmu ba ma karatun boko. Ita ke buɗe shafin a kwamfuta ta karanta, mu saurara. Daga Filato ta zo tun tana budurwa, Hausarta tana tuntuɓe. Yanzu har karin magana take jefa mana. A duk shekarun nan ban taɓa jin ta yi ƙarin gishiri a abin da aka rubuta ba.

Bara da damina kaska ta addabi dabbobi. Ƙungiya ta samo sabon maganin wanka mai ƙarfi, wanda ba mu saba da shi ba. A babbar jarka ya zo, ana ɗura wa kowa a kwalba, babu rubutu a jiki. Aka ce awon yana kan shafi, a zo da safe a ji.

Muka taru. Cecilia ta buɗe shafin. Ta ƙura wa allon ido.

Na leƙa da idona. Ban taɓa ganin irin wannan ba. Haruffa sun hau kan juna, wasu da hula a ka, wasu da wutsiya. Ƙananan akwatuna, alamar tambaya a jere kamar tururuwa, wasu alamu masu kama da bakin kibiya. Lambobi sun warwatse a tsakani. Wurin da hoton saniya yake zama ya koma fanko. Jiya-jiyan nan shafin yana magana da Hausa.

A gaban benci akwai Sajo, Bafulatani daga wata ruga a hanyar Sule Tankarkar. Shanunsa su ne gonarsa, su ne rumbunsa. Kaska ta cika musu kunne da hantsa, nono ya ragu, wata saniya ta fara kwanciya. Da asuba ya taso a ƙasa.

Ya ce, “Madam, karanta mana. Rana tana yi.”

Ta ce, “Baffa, rubutun ya lalace. Ban san abin da yake cewa ba.”

“Ke da kika yi boko?”

“Bokon bai kai nan ba.”

Sai Ɗantsoho ya kutso. Ɗan kamasho ne a tashar Maigatari, yana bin manyan motoci zuwa Damagaram, kuma bai yarda akwai abin da ya gagare shi ba. Ya dubi haruffan masu hula, ya yi dariya.

“Wannan ai Faransanci ne. Haka suke rubutu a tsallake, kowane harafi da hularsa. Maganin daga can ya fito, shi ya sa. Matsa, Madam, ki ga aikin maza.”

Mu mutanen bakin iyaka ne. Mun saba ganin irin haruffan nan a jikin kwali da buhu. Kowa ya gyaɗa kai. Ɗantsoho ya bi allon da yatsa, yana motsa baki, ya tsaya a kan wata lamba.

“Murfi goma a bokiti. Ga shi nan ƙarara.”

Cecilia ta ce, “Ɗantsoho, ka ji tsoron Allah. Karanta mini layin da ke sama da shi.”

“Wannan gaisuwa ce.”

Aka yi dariya. Shugaban ƙungiya ya ja ta gefe, amma muna ji. Shi ya kawo shafin, da shi yake alfahari. Ya ce mata kada ta kunyata ƙungiya a gaban jama'a, ga lamba a fili, ta faɗa a wuce wurin. Ta ce akwai lambobi da yawa a fili, wacce daga ciki? Ta rufe jarkar, ta sa makullin ɗaki a jakarta.

Sajo ya fusata. Ya ce idan saniyarsa ta mutu, alhakin yana wuyanta. Ta ce ta ɗauka. Wasu suka ce girman kai ne. Wasu suka ce tsufa ya zo mata.

Ilu, maƙwabcina mai kiwon tumaki, ya riga ya karɓi kwalbarsa tun ranar da jarka ta iso. Cecilia ta bi shi har bakin hanya tana roƙo ya dakata zuwa gobe. Ya ce mata wanda ya je Damagaram ya fi wanda bai je ba. Ta kira likitan dabbobi, wayarsa ba ta shiga, ya tafi rigakafi cikin daji. Ta hau acaɓa cikin yayyafi ta nufi Gumel nemansa.

Bayan la'asar matar Ilu ta aiko a kira ni. Na shiga garken. Tumaki suna karkarwa, kumfa tana zuba a bakinsu. Wasu sun miƙe ƙafa. Ragon da yake kiwo don layya yana buga kansa da turke. Ko yankawa ba a yi ba, don naman ya zama guba. Ilu yana tsaye da bokiti a hannu, hannayensa sun yi ja. Da murfi goma ya wanke su. Na ga fari, na ga annobar dabbobi. Ban taɓa ganin mutum ya kashe garkensa da hannunsa yana ganin magani yake yi ba. Rami muka haƙa.

Washegari Cecilia ta dawo da likita. Ya ce murfi ɗaya ne. Goman nan ba awon magani ba ce, lambar girman haruffa ce da kwamfuta take ɓoyewa a ciki, ta fito waje da shafin ya fashe. Ba Faransanci ba ne, ba harshen kowa ba ne. Masu kula da shafin sun taɓa wani abu a can, ba su duba ba. Daga baya suka gyara. Tumakin Ilu ba su tashi ba.

Da murfi ɗaya aka wanke shanun Sajo. Suna nan. Saniyar da ta kwanta ta haihu bana.

Cecilia, ke ce kika tsaya ke kaɗai a gaban maza masu fushi kika ce ba ki sani ba. Ni tsoho ne, na san nauyin wannan kalma. Manya da yawa sun gwammace a yi asara da su furta ta. Ke ce kika ɗauki zagi don dabbar wani ta rayu. 'Yar amana, na gode. Allah Ya saka miki, Ya kai ki gida lafiya. Ku kuma da kuke zaune a gaban kwamfuta kuna karanta wa talakawa, ku yi koyi da ita. Abin da ba ku gane ba, kada ku ƙaga. Masu haɗa shafi, ku duba aikinku kafin ku tashi. A ƙarshen rubutunku akwai rai.

Ranar sallamarta shugaba ya yi jawabi. Ya ce ba sai an ɗauki wani a madadinta ba, an sa wa shafin murya, yanzu waya da kanta za ta riƙa karantawa. Ya miƙa wa Sajo wayar, ya ce ya gwada.

Sajo bai sa hannu ba. Ya ce, “Alhaji, idan rubutun ya sake hargitsewa, wayar za ta ce ba ta sani ba?”

“Ai abin da ta gani shi za ta karanta. Karɓi.”

Sajo ya gyara sandarsa a kafaɗa.

“A'a. Ba zan karɓa ba.”