Albasar Tsohon Gari

Shekarar da aka kulle Kano saboda annobar korona, ita ce shekarar da iri ya fara zuwa mana a mota. Kafin nan, in mutum yana son irin kanti sai ya shiga birni, ya duba da idonsa, ya saya. Da aka rufe hanya, wani ya zo da labarin kamfanonin da ake buga wa waya: ka faɗi abin da kake so, ka biya ta waya, su ɗaure a kwali su ba direban motar kayan abinci. Direban ya ajiye wajen wani mai shayi a Kwanar Dangora, ka hau acaɓa ka je ka ɗauko. An buɗe hanya daga baya, amma mun riga mun saba.

Mu masu lambu ne a bakin ruwan Tiga. An tashi iyayenmu daga tsohon gari lokacin da ruwan dam ya zo, ni kuwa a sabon gari aka haife ni. Abin da na gada na tsohon gari labari ne da albasa. Baffa, ƙanin mahaifina, shi ya fito da ita yana saurayi, wasu na ɗaukar ƙofofi da tukwane shi yana ɗaukar albasa. Ƙarama ce, ja wur, mai yaji. In ana yanka ta a tsakar gida na zaure ma sai ya share ido. Ba ta da kyan gani a kasuwa. Amma in aka shimfiɗa ta a rumfa a kan kara, daga bazara har kaka tana nan garau.

Irin albasa ba ya jure ajiya kamar na kubewa ko na yakuwa. In ya wuce shekara ya fara mutuwa. Saboda haka kullum sai an sabunta shi. Lokacin cira a zaɓi masu kyau a ware, su yi damina a rumfa, in sanyi ya shigo a mayar da su ƙasa a komi guda, wato ɗan filin da ake kewayewa da kunya don ya riƙe ruwa. Su yi dogon kara da farin fure, su bushe, a sussuke. Wannan komi yana cin ruwa da fili wata da watanni, ba a sayar da komai daga cikinsa. Ko yaya aka yi, na Baffa ba ya fashi.

Muna da al'ada tun daga iyaye: ɗan gari ba ya sayar wa ɗan gari iri. In lokacin shuka ya yi, ka je ka yi sallama, a zuba maka a tafin hannu ko a ludayi, ka yi godiya. Kuma ba a tambaya kafin lokaci. Ka je wa mutum da rani ka ce ko ya bar iri bana, kamar ka ce kana zargin zai hana ka ne, ko kana kama layi tun da wuri. Abin kunya ne. Ni dai tun da na fara lambu wajen Baffa nake karɓa, haka rabin gari.

Akwai wani mangwaro kusa da inda muke ajiye injinan ban ruwa. Bayan la'asar nan muke zama. A shekarun nan babu hirar da ta kai ta kamfanonin iri daɗi, har yau in na tuna sai na yi murmushi. Ba ma kiran su da sunayensu na Turanci. Akwai mai gwangwani, akwai mai leda mai ƙyalli da hoton tumatir kamar a lashe, akwai kuma mai araha, wanda ake ganin tallarsa a waya. Kowa da gwaninsa.

Taubashina, ɗan gwaggona, shi ne sarkin yaƙin mai gwangwani. Malam kuwa, mai koyar da allo a unguwarmu, wanda ke da ɗan lambun latas da kabeji, shi kowane kamfani sai ya samo masa aibi.

"Allah gafarta Malam," in ji taubashina wata rana, "mai gwangwani in ka zuba ɗari, ɗari za su fito. Kamar sojoji, kai ɗaya."

"Ban musa ba," in ji Malam. "Amma ka tara irin 'ya'yansa ka shuka baɗi ka gani. Na gwada da tumatir. Wani dogo, wani gajere, wani ganye kawai. Kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba."

"To ai sai ka sake bugawa a aiko."

"Shi ne na ce maka ba iri suke sayar maka ba, haya suke ba ka."

Aka yi dariya. Wani ya ce shi mai ƙyalli ya fi masa, don tumatirinsa yana kai Legas bai lotse ba. Wani ya ce hoton ne kawai, na cikin ledar bai kai rabin na hoton ba. Malam ya ba da labarin mai araha: ya ce a aiko masa latas, ya yi reno, ya yi dashe, yana ta ban ruwa, sai ga kabeji. Da ya buga waya yarinyar da ta ɗauka ta ce ya yi haƙuri, ai kabeji ma abinci ne.

"Kuma ka ci?" in ji taubashina.

"Na ci mana. Zan zubar ne?"

Lokacin na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci, saboda haka duk gwangwanin da ya zo sai taubashina ya miƙo mini. "Ɗan makaranta, karanta mana. Ko malamar ba ta kai ku nan ba?" In ce masa Turanci ne, mu Hausa ake koya mana. Ya ce to ya ga amfanin fensirin da nake sokewa a hula. In ce ya fi nasa kan da babu komai a ciki. In aka zo kan albasa kuwa, ni nake tsaya wa tamu. Har suna ce mini lauyan tsohon gari.

Albasar mai gwangwani, gaskiya, ta burge. Taubashina ne ya fara shuka ta. Ranar da ya cire, mutane suka taru kamar ana suna. Kowace ɗaya ta cika hannu, launi ɗaya, girma ɗaya. Dillalai suka kwashe tun a bakin lambu. Shekara ta biyu rabin gari ya bi shi, su ma aka kwashe. Ta uku kowa ya shuka, har da ni. Ban je wajen Baffa karɓar iri ba a wannan shekarar. Na ce bari in gwada sau ɗaya, tamu tana nan ai.

A tsakanin nan gwiwoyin Baffa suka hana shi zuwa lambu. 'Ya'yansa maza suna birni, sai ya danƙa wa taubashina lambun, tunda ɗan 'yar'uwarsa ne. Lambun yana can ƙetaren rafi, ba hanyar kowa ba ce. Na san an yi haka, amma a raina komin iri yana nan inda yake kullum.

A shekara ta uku da kowa ya cire lokaci guda, kasuwa ta cika, dillalai suka ja baya. Sai muka yi abin da muka saba: muka shimfiɗa a rumfa mu jira kaka. Damina ba ta yi nisa ba wari ya fara tashi. In ka ɗaga ɗaya sai ruwa ya biyo hannunka. Kowace safiya mata na fitar da ruɓaɓɓu a kwando. Waɗanda suka yi saurin sayarwa suka tsira da wani abu, saura muka zuba wa juji.

A gindin mangwaro aka sake sabon lissafin kamfanoni. Taubashina bai sauka daga kan bakansa ba. Ya ce mai gwangwani bai yi wa kowa ƙarya ba, albasar sayarwa ce ba ta ajiya ba, mu ne muka ɗora mata aikin da ba nata ba. Malam ya ce wannan karon ya yarda da shi. Aka tsaya a kan cewa bana kowa zai raba: rabi ta kamfani don kasuwa, rabi tamu don rumfa. Kowa ya tashi hankalinsa kwance. Ba wanda ya tambayi wani komai, don lokaci bai yi ba.

Da ruwa ya ɗauke, lokacin reno ya yi, na ɗauki ɗan ƙoƙona na tafi gidan Baffa. Na tarar da mutum huɗu a zaure, kowa da nasa ƙoƙon, har da Malam. Baffa yana zaune a kan buzu ya miƙe ƙafa.

"Baffa, barka da hutawa. Ya ƙafar?"

"Da sauƙi, ɗana. Yau kuma lafiya kuka cika mini zaure da ƙoƙuna?"

"Iri muka zo karɓa, Baffa."

Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Wajena? Ni da rabona da lambu tun yaushe? Shekara nawa ina zuba muku? Ai na ɗauka yanzu babu gidan da babu ita."

Aka aika aka kira taubashina. Ya shigo yana wasa kamar kullum, da ya ga fuskoki sai ya durƙusa.

"Kai, komin iri fa?" in ji Baffa.

"Kawu, ai na haɗa shi da sauran na shuka ta gwangwani." Ya juyo ya nuna ni. "Na ɗauka wannan yana da shi. Kullum shi ke cika mana kunne da ita a gindin mangwaro."

"Ni wajen Baffa nake karɓa," na ce. "Ka sani."

"Ina zan sani? Ana tambaya ne?"

Baffa bai yi faɗa ba. Da ya yi, da ya fi mana sauƙi. Ya sa aka ɗauko masa wata 'yar gora daga ɗaki, ya cire tsumman bakinta, ya zazzage a faifai. Ragowar irin da ya sussuka da hannunsa na ƙarshe ne, gauraye da toka, bai kai cikin ludayi biyu ba. Ya shekara biyu a ciki. Ya ce, "Ku gwada wannan. Amma ku nema a wajen dangi tukuna."

Ni da taubashina muka yi yawon. Mutanen tsohon gari ba wuri ɗaya aka zuba su ba. Wasu suna wajen Bebeji, wasu sun gangara Tudun Wada, wasu aure ya kai su har Doguwa. Muka bi su a kan babur ɗinsa. Ko'ina a karɓe mu da fura, a tambayi Baffa, sannan in mun faɗi abin da ya kawo mu a ce babu. Wani tsoho a wajen Kiru ya ce, "Mu da muke cewa in mun bukata wajenku za mu zo?" A Tudun Wada aka kawo mana wata ja, muka yi murna, na yanka na sansana, ba ita ba ce. A Doguwa wata gwaggonmu ta ba mu irin kubewar tsohon gari a ƙullin tsumma, ta ce albasa kam rabonta da ita tun mijinta na da rai. A hanyar dawowa taubashina bai tsokane ni ko sau ɗaya ba. Ban taɓa jin kewar bakinsa ba sai ranar.

A lambuna muka yi renon irin gorar. Na tankaɗe ƙasa, na zuba tsohon taki, na rufe da ciyawa, ina yayyafa ruwa da hannu safe da yamma. Malam yakan biyo ya tsaya ya yi addu'a. Masu wucewa su ɗaga ciyawar su leƙa, har na hana. A komin da ke gefe na zuba ta gwangwani, ta fito kore shar kamar an shimfiɗa darduma. Tamu shiru. Can sai ga 'yan tsiraru, sirara kamar zare, ba su cika tafin hannu ba.

Baffa ya ce sai an kai shi. Muka ɗora shi a babur, ni a baya ina riƙe da shi. Ya tsuguna da ƙyar a bakin komin, ya daɗe yana kallo, ya taɓa ɗaya da ɗan yatsa.

"Ba su da ƙarfi," ya ce. "Kada ka cika musu ruwa."

Ban cika ba. Na yi musu rumfar kara, na kore kaji, na kore awaki. Duk da haka suka riƙa kwantawa ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta kai dashe. Da na je na faɗa wa Baffa, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya tambaye ni ko kubewar gwaggo ta fito. Na ce ta fito.

Har yanzu muna buga wa kamfanoni waya, har yanzu ana musu a gindin mangwaro, ko da yake mai araha ya daina ɗaukar waya. Yanzu kuma muna tambayar juna tun da rani, ba kunya. Da muka fara tambayar ne muka zauna da Malam muka bi gida gida, muka ƙirga abin da aka fito da shi daga tsohon gari wanda babu shi a hannun kowa: albasa iri ɗaya, tumatir iri biyu, barkono iri ɗaya, gauta iri ɗaya.