Yadda Na Auri Matata Sau Biyu

Ni karatuna bai wuce izu biyu ba, su ma da bulala aka cusa mani. Amma baki kam Allah ya ba ni, ya kuma ba ni taubashin da zan riƙa wasa shi a kanshi. Ɗan gwaggota ne, shi ne ladanin ƙauyenmu a ƙasar Kusada. Tare aka yi mana kaciya, tare muka yi kiwon awaki. Shi ya ce mani bawanshi, ni in ce mashi bawana. Shi ya zagi gwamen ƙafafuna, ni in zagi muryarshi. Muryar kuwa in ya ɗaga ta, sai ka ce ana goga ƙwarya a kan dutse.

Zamanin Turawa ne, lokacin da ake ɗibar mutane aikin hanya wajen Kankiya. Dagacinmu ke zaɓen masu tafiya, kuma kullum gidaje ɗaya yake taɓawa, gidan surukanshi ko kaza ba a ɗauka. Ran nan a dandali na tambaya ko surukan nashi ciwon baya ke damunsu tun daga kaka har jika. Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ni sakarai na ɗauka maganar ta wuce.

Da damina ta zo, ruwa ya ɗauke bayan shuka, gero ya fara nannaɗe kunne. Muka fita roƙon ruwa kwana uku, riguna a juye. Rana ta uku hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Taubashina ya hau kiran La'asar, yana cikin kira iska ta taso ta watse hadarin kaf. Da ya sauko yana neman takalminshi, na ce mashi, "Kai dai ka cuce mu. Hadari ya zo da niyyarshi, ka kore shi da wannan murya taka ta tsohon bunsuru." Ya ɗauki takalmin ya jefe ni da shi, muka shiga muka yi salla kafaɗa da kafaɗa.

Kwana biyu sai ga dogari da sammaci. Wai na ce kiran salla kukan bunsuru ne, wai na ce shi ke korar ruwa. Yaran dagaci biyu ne shaidu, kuma ɗayansu tun da nake ban taɓa ganinshi a masallaci ba sai ranar rabon naman suna.

Kafin a zauna shari'ar ma an gama yanke mani hukunci a gari. Wani malami ya ce wanda ya yi wa kiran salla izgili ya fita Musulunci, wanda ya fita kuwa aurenshi ya warware. Surukina ya zo daga Bauranya da jaki, bai ko amsa gaisuwata ba, ya ce ɗiyarshi ba ta ƙara kwana gidan nan sai alƙali ya yi magana. Ta fito da ƙullin kayanta, ta dube ni ta ce ai ta sha faɗa mani bakin nan sai ya kai ni inda ƙafa ba ta kai ni ba. Shekara tara muna tare. Wannan shi ya tsaya mani a rai, ba tsoron bulalar alƙali ba.

Har yau in na tuna jinina tafasa yake. Ni ban ce a bar mai zagin Allah ba. Wa zai ce haka? Amma wa ya zage shi? Baturen da ke zuwa rangadi yana duba littafin kotu bai taɓa kai goshinshi ƙasa ba, dagaci har faɗuwa yake yana gaishe shi. Ni da nake sahun gaba ni ne kafiri. Mutum ya ji haushin an faɗi gaskiya a kan surukanshi, bai iya kai ƙara a kan wannan, sai ya ɗauko sunan Ubangiji ya mayar kulki. In akwai izgili a ƙauyen nan, ai wannan ne.

Gaban alƙali shaidu suka zuba nasu, kalma ɗaya ba bambanci, kamar yara suna biya allo. Aka kira ladan. Na san dagaci ya aika mashi sau biyu, na san kuma a hannun dagaci ladancin yake. Ya durƙusa bai dube ni ba. Na ce a raina shi ke nan, tunda taubashi ya ƙi kallona.

Alƙali ya tambaye shi ko na faɗi maganar. Ya ce na faɗa. Sannan ya ce, "Allah shi gafarta malam, wannan gwamen bawana ne, ɗan kawuna. Tun muna kiwo yake zagin muryata, ko waƙa na yi, ko tari na yi. Maƙogwarona ya zaga, ba kiran ba. Ni ranar da ya gaishe ni da ladabi, ranar zan kawo maka ƙararshi."

Alƙali ya rufe baki da hannun riga. Ya tambayi shaidun ko sun san mu taubasai ne. Suka ce sun sani. Ya ce to su ba taubasai gare su ba ne? Ya kori ƙarar, ya ce mani in riƙa auna wuri kafin in saki harshe.

Na ɗauka an gama. Na tafi Bauranya biko, surukina ya ce shi fa shakka ta riga ta shiga ranshi, kuma ba ya son jikokin da za a yi wa gori. Wai sai na sake kalmar shahada gaban mutane, a sake ɗaura aure. Ni da aka yi wa kiran salla a kunne ranar da na faɗo duniya! Na kwana biyu ina cewa ba na yi. Rana ta uku na ci tuwon da na tuƙa da kaina, na tashi na sayo goro.

Na durƙusa a zaurenshi kamar baƙon da ya shigo addini jiya, na faɗi abin da nake faɗa sau biyar kullum. Taubashina ne wakilin ango. Da aka shafa fatiha ya raɗa mani cewa wannan karon yarinyar ta yi asara da idonta biyu.

Na dawo da matata. Ladanci kuwa kafin kaka dagaci ya ba wani mai zaƙin murya, wanda ba taubashin kowa ba ne. Shekara da shekaru ina jin kiranshi, ban taɓa ce mashi komai ba sai ina kwana.