Shekarar Tani a Gabashin Cadi

Tani ɗiyar Ɗanhausa ce, wani manomin dawa da masara a wata 'yar unguwa da ke bayan Ƙetare, cikin ƙasar Ƙanƙara. Asalin gidansu Maguzawa ne. Uban ne ya shiga coci tun yana saurayi, amma uwarsa, kakar Tani, har ta mutu ba ta bar al'adar iyayenta ba. Wannan tsohuwa ita ce ungozomar yankin, kuma Musulmi da Kirista duk ita ake aika wa in naƙuda ta tashi. A gindinta Tani ta girma, tana riƙe mata ƙwarya da tsumma, tana ganin abin da 'yan mata sa'o'inta ba su taɓa gani ba. Saboda haka da ta gama sakandare ta ce aikin ungozoma za ta karanta a Malumfashi, ba wanda ya yi mamaki.

Da ta fito aka tura ta wani ƙaramin asibitin ƙauye a yankin Sabuwa. Ba ta daɗe ba 'yan bindiga suka matsa wa wurin. Ranar da suka ɗauke malamin asibitin a kan hanyar kasuwa, aka sa kwaɗo a ƙofa, kowa ya kama gabansa. Tani ta koma gida ta zauna, hannu yana mata ƙaiƙayi, ga sani ga ƙuruciya amma ba wurin aiki.

Cikin wannan zama wata ƙawarta ta turo mata sanarwa a waya. Wata ƙungiyar agaji tana neman ungozomomi da za su ba da shekara guda a gabashin Cadi, inda mutanen Sudan suka kwararo gudun yaƙi. Aikin sa kai ne, ba albashi, sai abinci da wurin kwana da ɗan abin sayen sabulu. Tani ta nema a ɓoye, aka ɗauke ta, sannan ta iske ubanta a bakin rumbu yana gyaran ƙotar fartanya.

Ya saurare ta har ta gama. Ya ce, "To, mi aka rasa a nan? Masu gudun ne babu, ko masu haihuwar?"

"Akwai su, Baba. Asibitin ne babu."

"Can ɗin ma yaƙi a kai."

"A ƙetaren iyaka ake yi. Mu sansani za mu zauna."

Ɗanhausa ya daɗe yana juya ƙotar. Daga bisani ya ce shi ba zai hana ta ba, amma kada ta ce shi ya aike ta. Wanta Mani kuwa ya ce wannan gudu ne kawai aka sa wa suna mai daɗi. Uwarta Aminatu kuma ta daka mata kuka da daddawa ta ƙulle a leda.

Farkon zuwanta Cadi ya yi mata wuya. Sansanin yana nesa da garin Adre, fili ne fetal, bukkokin leda har iya ganin ido. Matan Larabci suke ji da yarensu, ma'aikata kuma Faransanci. Tani ta zama kamar kurma. Mace tana murƙususu a gabanta, tana faɗa mata inda ke ciwo, ita kuwa sai dai ta bi da hannu ta lalubo. Sau da yawa takan koma bayan tanti ta share hawaye, ta wanke fuska ta dawo.

Wata rana tana ɗinke wata mai jego, allura ta suɓuce mata, ta ce, "Kai, wannan abu!" Sai ta ji daga bayanta an ce, "Ke ɗiyar wa ce?"

Ta waiwaya ta ga wata tsohuwa doguwa, lulluɓe da mayafin nan na matan Sudan. Sunanta Hajiya Dada. Kakanninta mutanen ƙasar Hausa ne da suka tashi zuwa Makka a ƙafa, guzuri ya ƙare musu a Darfur suka zauna. Hausarta tsohuwa ce, ta cakuɗe da Larabci, amma Tani ta ji ta kamar ruwan randa. Tun daga ranar Hajiya Dada ta zama bakinta da kunnenta. Da Tani ta gaya mata ita Kirista ce, tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa ta ce ba ta taɓa sanin akwai irinsu cikin Hausawa ba, sannan ta miƙo mata shayi. Maganar ba ta sake tasowa ba.

Haka aka ci rani, damina ta faɗi. Tani ta fara tsintar Larabci, mata suka san ta, har masu ciki kan ce sai baƙuwar nan ta Najeriya za ta duba su.

Wata safiya cikin watan Agusta, tana wanke hannu za ta shiga tantin haihuwa, wayarta ta yi ƙara. Mani ne, yana haki.

"Sun shigo mana da asuba. Sun kore shanu, sun ƙone rumbuna. Ni da Inna mun kai Ƙetare."

"Baba fa?"

"Ba mu gan shi ba. Ya koma kwance akuyoyi, daga nan ba wanda ya sake ganin shi."

"Mani, ku koma ku duba mana!"

"Mu koma ina? Suna nan cikin gonaki. Ke da kike can kina..." Sai layin ya yanke. Ta kira, ta sake kira, ba ta shiga.

Ba ta gama tsayuwa da ƙafafunta ba aka ƙwala mata kira daga ciki. Wata yarinya ce mai suna Hussaina, cikin fari, ta kwana tana naƙuda a bukka kafin a kawo ta. Tani ta duba ta ga jaririn da ɗuwawu ya taho, kuma bugun zuciyarsa ya yi rauni. Wannan sai babban asibiti a gari, inda ake fiɗa. Sauran ma'aikata biyu kowa da mai haihuwa a hannu, ba mai rakiya sai ita. Ta sa wayar a aljihu, ta ɗauki jakarta, aka kwantar da Hussaina a bayan motar ƙungiya. Hajiya Dada ta shiga don fassara, direba Abdulgafar ya ja.

Hanyar duk taɓo ce. Mota tana zamewa, Hussaina tana ihu, Tani ta riƙe ta da hannu ɗaya, ɗayan yana kan waya. Zuciyarta tana can bayan gidansu, wajen turken akuyoyi. Tana ganin ubanta da ɗingishinsa na ƙafar hagu, tana lissafin inda zai iya ɓuya da inda ba zai kai ba.

Da suka iso wani rafi wanda da rani yashi ne zalla, suka tarar ya cika ya batse, jan ruwa yana tafe da itatuwa. Abdulgafar ya fita ya duba, ya dawo yana girgiza kai. Ya ce sai ruwan ya ja, watakila zuwa la'asar. Yana cikin magana Tani ta jiyo ƙarar babura.

Ta san wannan ƙara. Ba ta 'yan kasuwa ba ce, ba ta mai zuwa gona ba ce. Ita ce ta kore ta daga Sabuwa. Can sai ta hango su, mutum biyu-biyu a kan babur, fuskoki a naɗe da rawani, bindigogi a rataye.

Hajiya Dada ta fi ta sauri. Ta fizge rigar ƙungiya daga jikin Tani ta cusa ƙarƙashin kujera, ta warware rabin mayafinta ta lulluɓa mata. Ta ce ƙasa-ƙasa, "Baƙi suke ɗauka, su ake biya wa fansa. Kada ki buɗe baki, ko me kika gani." Tani ta zura hannu cikin jaka, ta damƙo abin da ya zo mata, ƙwayoyin tsayar da jini da reza da zare, ta soke a ƙugun zaninta.

Suka kewaye motar. Aka jawo Abdulgafar, ɗaya ya buga masa gindin bindiga a fuska ya faɗi. Aka buɗe baya aka ce su fito. Da Tani da tsohuwar suka ciccibo Hussaina suka kwantar gindin wata aduwa. Babbansu ya tsaya a kansu yana tambaya, Tani kuwa ta tsinci kalma ɗaya da ta sani: likita. Ina likitan?

Hajiya Dada ta yi ta magana tana nuna Tani, tana taɓa kunnenta da bakinta. Daga baya ne ta gaya mata abin da ta ce: babu likita, wannan ɗiyarta ce, kurma ce tun haihuwa, mai naƙudar kuma surukarta. Mutumin bai gamsu ba. Ya tsuguna ya kama hannun Tani ya juya, yana duban tafin, yana duban farcen da aka yanke tas. Ya daka mata tsawa a kunne. Ta ƙura wa ƙasa ido, ba ta ko ƙifta ba.

A daidai lokacin Hussaina ta yi wani nishi mai tsawo. Tani ta san ma'anarsa, jaririn ya fara fitowa, kuma irin wannan haihuwa in jiki ya fito kai ya maƙale, ba a jira. Tana gani da gefen ido, amma in ta taɓa yarinyar yadda aka koya mata, ta tona kanta. Ta zauna kamar dutse. Suka zazzage jakunkuna, suka lalube aljihu suka ɗauke wayoyi, suka yi ta gardama a kan wanda zai tuƙa motar. A wurin Tani wannan gardama ta fi duk zamanta a Cadi tsawo.

Suna tafiya da motar Tani ta faɗa kan Hussaina. Ta saki hannuwan jaririn ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora shi a damtsenta, ta sa yatsu ta karkato kan har ya fito. Namiji ne, jikinsa saɓule. Ta goge shi, ta murza bayansa, ta hura masa iska baki da baki. Ta yi ta yi, har Hajiya Dada ta dafa kafaɗarta ta ce, "Bar shi, ɗiyata. Dubi uwar."

Jini ne yake zuba kamar an buɗe famfo. Tani ta sa wa Hussaina ƙwayoyin a ƙarƙashin harshe, ta danna mararta tana murzawa da iyakar ƙarfinta, tana yi mata magana da Hausa ko da yake ba ta ji. Sai da hannuwanta suka mutu sannan mahaifar ta ɗaure, jinin ya tsagaita. Abdulgafar, da kumburarriyar fuska, ya haƙa rami da sanda, shi da tsohuwar suka yi wa jaririn sutura da gefen mayafi. Da yamma ruwa ya ja, wani mai amalanken jaki ya ƙetare da su. Hussaina ta rayu.

Labarin gida kuwa sai da aka kwana biyu kafin ta samu aron waya layi ya shiga. An tsinci Ɗanhausa a cikin dawa, harsashi ya fasa masa cinya, ya ɗaure da igiyar akuya ya kwanta shiru har suka tafi. Yana asibiti a Katsina. Da aka kara masa wayar, muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"An ce ke ma sun tare ku."

"Sun tare mu, Baba. Ina son in taho."

"In kin taho, wa ke wurin?"

"Ba kowa, sai an aiko wata."

Ya ce, "Ni dai likitoci sun ishe ni a nan. Sauran ke kika sani."

Mani ya karɓi wayar ya ce in tana da uba ta hau mota gobe. Tani ta kai maganar ga shugabar aikin, aka ce ba mai hana ta tafiya, amma wadda za ta canje ta ba za ta iso ba sai bayan damina, kuma an dakatar da kai marasa lafiya gari saboda hanya. Ta leƙa tantin, ta ga matan da ke zaune a layi da tulin ciki. Ta zauna. Ba ta taɓa cewa ta tabbata daidai ta yi ba. Mutuwar ɗan Hussaina ma ba ta bar ta ba. Takan ce da ta motsa da wuri watakila da ya yi kuka, Hajiya Dada kuma takan ce da ta motsa da wuri da an rasa uku, ita da uwa da ɗa.

Ta cika shekararta ta dawo. Ba ta koma bayan Ƙetare ba, don unguwar ta watse. Ta iske iyayenta a ɗakin haya cikin garin Ƙanƙara, uban yana dogara sanda, gonar ta zama saura, ba mai noma ta. Mani ya daɗe ba ya amsa gaisuwarta sai da ka. Ranar da matarsa ta tashi haihuwa ne ya zo da kansa ya tsaya a ƙofa ya ce, "Tani, ki zo ki duba ta," daga nan magana ta dawo tsakaninsu kaɗan-kaɗan.

Yanzu tana aiki a wani asibitin unguwa a cikin gari, kuma yawancin matan da take karɓa 'yan gudun hijira ne daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa. Ƙungiyar ta sake kiranta, wannan karon da albashi. Ta ce su ba ta lokaci, ƙafar Baba ba ta gama warkewa ba, kuma akwai masu ciki da ta yi wa alkawarin za ta ga saukarsu.