Tsaf-tsaf da Kwanon Baba

Tun tana ƙarama ake ce mata Tsaf-tsaf, kuma ba a yi mata ƙage ba. Idan ka ajiye kofin shayi ka juya amsa sallama, to ka yi bankwana da shi, ya riga ya sha wanka yana kife a kwando. Ƙanenta ya taɓa rantsuwa cewa ta ƙwace masa cokali yana hanyar baki.

Da ta girma ta zama mai rubuta manhajar kwamfuta, halin ya bi ta ofis. Duk wanda ya buɗe abu a cikin manhaja ya bar shi a buɗe, ita ke bin bayansa da tsintsiya.

Abu ɗaya ne ya hana ta sukuni: Baba. Tun da aka cire masa haƙoran ƙasa yake ramewa. Likita ya ce lafiyarsa ƙalau, a dai ƙara masa abinci. Ta ƙara. Kullum ta cika kwano, kullum ta kwashe rabi.

"Baba, ka ƙoshi?" Takan tambaya ne bayan kwanon ya riga ya zo hannunta.

"Alhamdu lillahi," in ji shi.

Ana haka sai wani mai shago ya kawo ƙorafi ofis. Manhajar da suka yi masa tana tura hotunan kayansa da yawa a lokaci guda, amma manyan hotuna ɓacewa suke a hanya. Tsaf-tsaf ta ɗora wa intanet laifi, ta ɗora wa wayar mutumin, daga bisani ta ɗora wa Dogo, abokin aikinta na teburin gefe. Dogo ya leƙa allonta, ya fashe da dariya.

"Anti, wallahi ke ce. Kin tura hotuna, kowanne da saurinsa. Ƙananan suna isa, shararki ta ga an yi shiru, sai ta rufe hanya ta goge komai. Babban kuwa bai gama tafiya ba."

Kunya ta kama ta. Gyaran ba shi da yawa: a jira kowane aiki ya ƙare, ko ya yi nasara ko ya faɗi, sannan a yi shara. Ta gyara tana ƙunƙuni.

"To shi babban me ya hana shi yin magana?"

"Ba ya ƙorafi," in ji Dogo. "Shiru yake ɓacewa."

Nan take Baba da kwanonsa suka faɗo mata a rai.

Da yamma ta kai wa Baba abinci, ta zauna gabansa ta danne hannuwanta da cinyoyi. Ya ci kaɗan, ya ajiye cokali, ya jingina da bango. Hannunta ya yi ta ƙaiƙayi, ta daure. Can sai ga Baba ya sake ɗaukar cokali. Ya ci, ya huta, ya ci, har kwano ya koma fes.

"Baba, ashe ba ƙoshi kake yi ba?"

"Hutar da baki nake, 'yar nan. To na ga kin kwaso gajiya, kina son ki gama wanke-wanke."

Tausayinsa ya cika ta, hawaye suka zubo. Baba ya riƙe kwanon da hannu biyu, gudun kada a ƙwace.

"Akwai saura a tukunya?"