Ɗingishin Jar Saniyar Wada

Wada makiyayi ne a wata ruga da ke kusa da Tiga, yana kuma noma dawa da damina, da rani ya dasa albasa a bakin dam. Ya yi allo yana yaro, karatun boko kuwa sai da gemu ya fito ya koya a ajin manya a Bebeji. Mutum ne da ba ya son a san cikinsa. Ka tambaye shi lafiyar garke, sai ya ce alhamdulillahi, ya tambaye ka ya yara. Haka ubansa ya rene shi: maganar shanu ba ta fita shinge.

Wayar da ke aljihunsa ƙanin matarsa Tasalla ne ya haɗa masa, wato Musaddiq mai rumfar waya a kasuwar Kiru. Shi Musaddiq ya gaji da 'yan uwa masu zuwa kullum sun manta lambar sirri, sai ya buɗe imel guda, duk wayar da dangi suka saya ya zuba mata shi. Babu wanda ya tambayi abin da hakan ke nufi. Burauzar da ke kan wayar, wato manhajar shiga intanet, ta taɓa yi wa Wada rana. Wani saƙon tallafin taki ya zagaya rugage, da ya taɓa shi sai fuskar wayar ta yi jajir, ta hana shi wucewa. Waɗanda suka wuce sun yi kuka, don an kwashe musu kuɗi.

A tsakiyar ranin bana jar saniyarsa ta fara ɗingishi. Wada bai gaya wa ko Tasalla ba. Ya zauna gindin ɗorawa ya rubuta a burauza, baƙi bayan baƙi: alamomin ciwon baki da kofato a shanu. Ya duba hotuna, ya buɗe bakin saniya, bai ga komai ba, ya ware ta gefe dai.

Washegari da ya kora garke zuwa mashaya, ya tarar da Bature, ɗan kawunsa, tsaye a bakin burtali da sanda, ardon rugar na bayansa. Burtalin nan shi kaɗai ne hanyar shanu zuwa ruwa, don hagu da dama duk lambunan mutane ne.

"Taubashi, yau a gida za su sha," in ji Bature.

"Wa ya ce?"

Bature ya ɗaga wayarsa. "Farashin dusa na je dubawa, na taɓa wurin rubutu, sai ga tambayarka ta faɗo. A danginmu wa ke da jar saniya mai jan ƙafa in ba kai ba?"

Ardo ya yi magana a hankali. Ya ce ba a ce Wada ya yi laifi ba, amma har sai malamin dabbobi ya zo daga Bebeji ya duba, garkensa ba zai haɗa ruwa da na kowa ba.

Wada ya juya shanunsa suna kuka, suna waiwayen ruwan da suke gani da idonsu. Ranar shi da Tasalla suka wuni jan guga a rijiyar gida, wadda ko mutane da ƙyar take isa. Da la'asar tafin hannunta ya saɓule. Da safe ya hau acaɓa sai Kiru.

"Yaya Wada, sannu da zuwa. Ya Yaya Tasalla?"

"Tana can tana ja wa shanu ruwa da hannu, albarkacinka." Ya dangwara wayar a kan tebur. "Wace irin munafuka ka sa mini a aljihu? In yi tambaya ni kaɗai a gindin itace, ta tashi ta kai wa Bature?"

Musaddiq ya duba, ya sosa ƙeya. Ya ce laifin imel ɗin ne, duk wayoyin gida ɗaya suke a wurin burauza, abin da ɗaya ya nema tana ajiye wa sauran. Zai raba su yanzu, kowa da nasa.

"In ka raba, shi ke nan babu mai gani?"

"Bature ba zai gani ba. Masu ita dai suna iya gani."

"Su wa?"

"Kamfanin, Yaya. Ai ta haka take tsare ka. Sai ta san inda za ka shiga kafin ta ce maka akwai ɓarayi a ciki."

"To ni maigadi na ɗauka ko mai leƙen ɗaki?"

"Wannan dai duka biyun take yi." Musaddiq ya nuna masa wata burauzar a tasa wayar. "Ga wadda ba ta riƙe komai, kana rufewa ta manta. Amma ban yarda da gadinta kamar na waccan ba. Saƙo irin na takin nan zai iya zuwa ta bar ka ka afka."

"Sa mini mai mantuwar."

"Yaya, ka yi tunani. Kai da ko saƙon gaisuwa sai ka taɓa."

"Ɓarawo in ya cuce ni, na san ɓarawo ne. Wannan kuwa a gidana take ci take sha."

Musaddiq ya sa masa, yana gunaguni cewa ranar da aka kwashe shi kada a zo masa rumfa da kuka.

Malamin dabbobi bai samu zuwa ba sai bayan Juma'a. Kafin nan shanun sun zube, nonon da Tasalla ke kaiwa Tiga ya ja baya. Da malamin ya zo, rabin mutanen rugar suka biyo shi. A gaban kowa aka bi garken Wada ɗaya bayan ɗaya, ana buɗe baki, ana ɗaga kofato, masu kallo na nuna wadda ta rame da wadda ke da ciki. Wada yana tsaye yana kallo. A kofaton jar saniya malamin ya zaro guntun ƙarfen shingen lambu. Ya wanke wurin, ya yi mata allura, ya ce wa ardo babu wata annoba.

Da yamma aka buɗe masa burtali. Shanun suka ruga, suka shiga ruwa har ƙirji. Bature ya matso kusa da shi.

"Taubashi, kada ka riƙe ni. Da ciwon ne fa? Nawa garken ma na da rai."

"Da ciwon ne, da bakina zan gaya wa ardo."

"Yaushe? Bayan sun gama shan ruwa tare?"

Shi ma Wada bai san yaushe ba, kuma hakan ya ƙara masa haushi. Ya ɗaga sanda ya kora shanunsa can ƙarshen mashaya, inda laka ta fi yawa, ya bar wa Bature wuri mai kyau. Har yau a nan suke sha.