Alhaji Hamadu a Kan Sikelin Gyaɗa

Cikin shekarun da na yi ina dillancin gyaɗa a Garuwa, ranar da ta ƙi fita raina ita ce ranar da muka ɗora Alhaji Hamadu a kan sikeli.

Ku 'yan baya ba ku tarar da al'adar ba. Idan kaka ta ƙare aka auna buhun ƙarshe, mu dillalai sai mu hau sikelin sito ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi nauyi a ce shi kasuwa ta karɓa. Alhaji Hamadu, wanda ya koya mini sana'ar, shi ke cinyewa kullum. Tun yana shekara arba'in tumbinsa ke riga shi shiga sito.

A shekarar da nake faɗa ya haura saba'in. Ya hau, na duba, na ga ya ragu da kilo goma sha ɗaya daga nauyinsa na kakar baya. Na zaci sikeli ne ya lalace, na ɗora buhun da na san nauyinsa. Daidai ya nuna.

"Alhaji ya koma saurayi!" in ji wani dillali. "A sayo masa wandon ƙwallo."

Aka yi dariya har da shi. Ni dai abin ya tsaya mini. Ba ya jinya, ba ya azumi. Ina jikin ya tafi?

Sai na fara lura. Da azahar in an kawo kwano muka ce, "Bismilla, Alhaji," sai ya ce, "Alhamdu lillahi, na ci a gida." Babba kuwa in ya ce ya ƙoshi, ba a maimaita masa. Ranar Juma'a na je gaida matarsa, Hajiya Dudu, na zolaye ta cewa girkinta ya raba mu da Alhaji.

"Wane girki, Sali?" in ji ta. "Kullum cewa yake ya ci tare da ku a kasuwa."

Ba ƙarya yake yi ba. Shi a ransa ya ci.

Na san ba zai yarda da asibiti ba, sai na ce jinina zan gwada, ya raka ni. Likitar da muka tarar a can ta yi ta hira da shi. Ya jero mata ƙauyukan hanyar Figil babu kuskure, amma ya kasa faɗin ko ya karya kumallo. Bayan gwaje-gwaje ta ce farkon ciwon mantuwa ne.

Na tambaye ta me ya haɗa nauyin jiki da ƙwaƙwalwa. Ta ce ƙiba a tsakiyar shekaru kan jawo hawan jini da ciwon sukari, su kuma su raunana jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Ba kowane mai tumbi ke kamuwa ba, amma haɗarinsa ya fi. Rama babu dalili a tsufa kuwa takan zama alama. Sai ta dubi cikina.

"Kai fa, shekararka nawa?"

"Arba'in da shida."

"To, tunda jini ka ce ka zo gwadawa, miƙo hannu."

Daga ranar na daina yi wa Alhaji tayin abinci. Kwanon nake ajiyewa tsakaninmu in wanke masa hannu mu ci tare. Na kuma daina hawa moto, wato babur, zuwa kasuwa, a ƙafa nake zuwa. Mantuwar ba ta warke ba, amma da kaka ta zagayo ya ƙaru da kilo huɗu, ni na ragu da shida.

Mu dillalai, buhu ya ragu da rabin kilo sai mun juya shi mun gano inda ya huje. Mutum ya ragu da goma sha ɗaya a gabanmu, muka yi tafi.